Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Tattara Tarihin Gandun Kiwo Mai Saukar Baƙi a Yammacin Amurka

A jihohin Wyoming da Montana da Colorado da Arizona akwai gandayen kiwo da ke cin abinci ta hanya biyu: kiwon shanu da dawaki, da kuma saukar baƙi masu biyan kuɗi. Wasu daga cikinsu sun haura shekara ɗari a hannun gida ɗaya, daga kaka zuwa jika zuwa tattaɓa-kunne. Ga tambayoyin da mai son sanin tarihin irin waɗannan wurare, ko mai niyyar rubuta shi, ya fi yawan yi.

Wane irin wuri ne wannan, kuma me ya raba shi da otal?

Gandu ne na gaske, da garke da barga da makiyaya, sai dai an gina wa baƙi ɗakunan gungumen itace a gefe. Baƙo yakan yi mako guda ko fiye. Ranar da ya sauka za a duba tsayinsa da nauyinsa da iya hawansa, a zaɓa masa doki da sirdi, kuma galibi wannan dokin ne nasa har ya tafi. Abinci tare ake ci da masu gida a teburi ɗaya, a lokaci ɗaya. A otal mutum lambar ɗaki yake karɓa. A nan kuwa cikin gidan mutane ya shiga, shi ya sa tarihin wurin da tarihin iyalin ba sa rabuwa.

Baƙo kuma a karɓi kuɗinsa? Ina abin ya samo asali?

Waɗanda suka fara ma sai da abin ya yi musu nauyi. 'Yan'uwa uku ne 'yan gidan Eaton, Howard da Willis da Alden, mutanen Pittsburgh, suka kafa gandun Custer Trail kusa da Medora a yankin Dakota wajen 1879. Wasiƙun da suke aikawa gida suka sa abokai suka riƙa zuwa ganin daji, su yi makonni ana ciyar da su kyauta. A 1882 wani baƙo mai suna Bert Rumsey, mutumin Buffalo, ya dage sai ya biya kuɗin ci da kwana, domin ya samu sakewar zama iya son ransa ba tare da jin ya zame wa kowa kaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Abin da ya mai da shi sana'a sosai shi ne sanyin 1886 zuwa 1887, wanda ya hallaka shanu ba adadi a filayen arewa, har da na Theodore Roosevelt da ke kiwo a yankin kafin ya zama shugaban ƙasa. Wanda shanunsa suka ƙare amma yana da dawaki da ɗakuna da abokai masu hali a birane, ai ya ga inda mafita take. A 1904 'yan Eaton suka koma Wolf, kusa da Sheridan a Wyoming, a gindin duwatsun Bighorn, kuma zuriyarsu ce ke riƙe da wurin har yau.

Yaushe harkar ta bunƙasa?

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman a shekarun 1920. Farashin shanu ya faɗi, masu kuɗin gabashin Amurka kuma suna neman inda za su yi bazara. Kamfanonin jirgin ƙasa suka ga riba a jigilar su, suka shiga buga wa gandayen takardun talla. A 1926 aka yi taro a Bozeman ta jihar Montana da goyon bayan kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, aka kafa ƙungiyar Dude Ranchers' Association, Larry Larom na gandun Valley ya zama shugabanta na farko. Ofishinta yana garin Cody na jihar Wyoming a yanzu.

A wancan zamani iyali kan zo da akwatuna su yi wata ɗaya ko bazarar gaba ɗaya. Da mota da jirgin sama suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zaman ya ragu zuwa mako. Mai rubuta tarihin gandu ɗaya zai ga wannan sauyi ƙuru-ƙuru a rajistar baƙi, ba sai wani ya faɗa masa ba.

Tunda akwai takardun talla da hotuna masu kyau, me kuma ya rage a tattara?

Kusan komai. Takardar talla an yi ta ne don ta jawo mai kuɗi, saboda haka abin da ke cikinta shi ne kaboyi da malafa, doki a kan tudu, rana tana faɗuwa. Ba za a ga matar da ta tashi tun duhun asuba ta hura murhu don ciyar da mutum hamsin ba. Ba za a ga 'yan matan da ke wankin zannuwan gado ba, ko yaron da ke fasa itace, ko shekarar da banki ya kusa ƙwace filin. A gandaye da yawa mijin ne fuskar wurin, shi ke jan ayarin dawaki yana ba da labari, amma matar ce ke riƙe da littafin kuɗi, ita ke amsa wasiƙun baƙi, ita ke ɗaukar ma'aikata da sallamarsu. In aka bar talla ta zama tarihi, an shafe rabin mutanen da suka yi aikin, kuma a ganina wannan shi ne babban kuskuren da iyalai ke yi idan suka tashi buga littafin cika shekara ɗari.

Daga ina ya kamata iyali su fara?

Daga mutumin da ya fi kowa tsufa, yau ba gobe ba. Akwatin takardu zai iya jiran shekara biyu. Tsohuwa mai shekara casa'in ba ta da wannan tabbacin.

Bayan haka a zagaya a rubuta abin da ke akwai da inda yake, ba tare da an taɓa tsarinsa ba: akwati kaza a saman ofis, kundin hotuna kaza a ɗakin goggo, tsofaffin sirada a barga. Kada a yi gaggawar ware takardu a sake jera su bisa son rai. Yadda mai su ya haɗa su ma labari ne. Wasiƙar baƙo da aka maƙale da takardar bashin banki na wannan watan tana faɗin abin da kowace ita kaɗai ba za ta faɗa ba.

Su wa za a yi hira da su, kuma yaya ake yin ta?

Dattawan gida tukuna, sannan tsofaffin ma'aikata: masu kula da dawaki, masu girki, masu gyaran ɗakuna, maƙerin da ke sa wa dawaki takalmi, direban da ke ɗauko baƙi daga tasha. Sai baƙin da suka yi shekara talatin ko arba'in suna dawowa, da maƙwabta, har da wanda aka taɓa rigimar ruwa ko ta shinge da shi.

Wurin hira yana da tasiri ƙwarai. In aka zaunar da tsohuwar mai girki a falo aka ce ta ba da tarihin gandu, za ta ce ita ba ta san komai ba, a tambayi maigida. A kai ta kicin ɗin da ta yi aiki, a bar ta ta tsaya inda murhu yake a da. Nan take za ta nuna inda ake rataye tukwane, ta faɗi ranar da ake gasa burodi, ta tuna buhun fulawa nawa ke ƙarewa a mako, da wane baƙo ne ba ya cin albasa, da ranar da beyar ta fasa rumbun nama. Haka mai kula da dawaki: a miƙa masa tsohon linzami ko ragama, hannunsa zai tuna kafin bakinsa.

Tambaya ta zama ƙarama mai kama ƙasa. "Ƙarfe nawa ake koro dawaki daga makiyaya, kuma wa ke fita?" ta fi "yaya rayuwa take a da?" amfani nesa ba kusa ba. In mutum ya yi shiru, a ƙyale shi, sau da yawa maganar da ta fi daraja bayan shirun take zuwa. Kada a wuce awa ɗaya da rabi a zama guda, gara a dawo. A farkon ɗauka a faɗi sunan mai magana da kwanan wata da wuri. Sannan a nemi izininsa a rubuce kan abin da za a yi da muryarsa, domin ba tare da wannan takarda ba ma'adanar tarihi za ta yi wuyar karɓar hirar, ko ta karɓa ta kasa buɗe wa masu bincike.

A cikin takardu, waɗanne suka fi daraja?

Waɗanda ba su da kyan gani. Na farko rajistar baƙi. A buɗe shafi ɗaya na watan Yuli: suna, gari, ranar zuwa, ranar tafiya. A bi suna ɗaya shekara bayan shekara, za a ga yaron da uwarsa ta rubuta masa suna ya fara sa hannu da kansa da manyan baƙaƙe karkatattu, daga baya ya zo da amarya, daga baya da 'ya'ya. Za a ga shekarun da shafuka suka cika maƙil, da shekarun karayar tattalin arziki bayan 1929 da na yaƙi inda suka yi fayau.

Na biyu littafin dawaki, inda ake rubuta sunan kowane doki, launinsa, shekarunsa, inda aka saye shi, halinsa, da baƙon da aka ba. Rubutu irin "yana tsoron gada" ko "na yara ne, ba ya gudu" shi ne ilimin da gandun ke tsaye a kansa. Baƙi kan manta sunan manaja, ba sa manta sunan dokinsu.

Sai littafin albashi, wanda sau da yawa shi kaɗai ne shaidar cewa wata mata ta yi bazara goma tana aiki a wurin. Sai jerin abincin mako, rasitan kanti, wasiƙun neman masauki, da takardun izinin kiwo ko na kai baƙi cikin dajin gwamnati.

Akwai abin da za a samu a wajen gida?

Da yawa. Da dama daga cikin filayen nan ta dokar mallakar fili ta 1862 aka same su, wadda ke ba mutum eka 160 in ya zauna ya raya wurin shekara biyar, ko ta dokar 1916 da ta ba masu kiwo eka 640. Takardun mallakar farko suna hannun hukumar Bureau of Land Management, ana iya bincika su ta intanet. Cinikin da ya biyo baya da jinginar fili suna ofishin magatakardan gunduma. Tambarin da ake yi wa dabbobi lalas da shi yana da rajista a hukumar dabbobi ta jiha, da sunan mai shi da shekara. Bayanan ƙidayar jama'a ana sakin su bayan shekara 72, don haka na 1950 sun fito a 2022, kuma suna nuna wa da wa ke kwana a gandun ranar da aka ƙirga. Jaridun ƙananan garuruwa kuwa ba abin da ke wuce su, har sunayen baƙin da suka sauka daga jirgi sukan buga. Cibiyar American Heritage Center ta Jami'ar Wyoming da ke Laramie tana da tarin takardu kan wannan sana'a, haka ma ɗakin karatu na Buffalo Bill Center of the West a Cody.

In labarin kaka ya saɓa da abin da takarda ta ce fa?

A rubuta duka biyun, a faɗi inda kowanne ya fito. In gida na cewa an kafa gandu a shekara kaza amma takardar mallaka ta nuna bayan shekara biyar, mai yiwuwa duka gaskiya ne: ɗaya ranar da aka kafa tanti, ɗaya ranar da gwamnati ta sa hannu. Wani lokaci kuma labarin ne ya yi ƙiba da yawan maimaitawa a bakin wuta, domin ba da labari wa baƙi yana cikin aikin da ake biya. Ko irin wannan ba a yar da shi. A rubuta shi yadda ake faɗinsa, a ce ga wanda ya saba bayarwa, sannan a sa abin da aka tabbatar a gefensa. Abin da bai kamata ba shi ne a gyara maganar tsoho a ɓoye don ta dace da takarda.

Al'ada ba takarda ba ce. Yaya ake adana ta?

Da kallo da rubutu a lokacin da ake yin ta. Misali, gidan Eaton na kai dawakinsu wani fili can gabas su yi lokacin sanyi a can, sannan a ƙarshen watan Mayu a koro su gida, su ratsa ta tsakiyar garin Sheridan jama'a na tsaye bakin titi suna kallo. Hoton dawakin a kan kwalta kowa na da shi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne wa ke gaba, wa ke baya, ina ake shayar da su, ina ake kwana a hanya, me ake yi da dokin da ya yi ɗingishi, kuma wa ya koya wa masu korar na yanzu.

Haka za a bi sauran: ƙararrawar cin abinci da wanda ke kaɗa ta, rawar daren Asabar, gashin nama a daji, waƙoƙin bakin wuta, yadda ake sallamar baƙo. Kowace a tambayi yaushe ta fara, wa ya kawo ta, me ya canza. Sau da yawa za a tarar abin da ake cewa "tun fil azal" wata suruka ce ta shigo da shi a shekarun 1960, kuma sanin hakan bai rage masa komai ba. Girki kuma a tsaya kusa da mai yi a auna, domin "ɗan gishiri" na hannunta ba ya rubutuwa sai an gani.

Akwai ɓangarorin da iyalai ba sa son a taɓa. A rubuta su?

A rubuta. Filin da gandu ke kai yana da masu shi kafin 1862. Ƙasar da ke gindin Bighorn wurin zama da farautar ƙabilun 'yan asalin ƙasar ce, wato Crow da Cheyenne da Lakota, kuma a kudu da Sheridan aka gwabza yaƙin Red Cloud, wani jagoran Lakota, da sojojin Amurka tsakanin 1866 da 1868 kan hanyar Bozeman. Sunan gandun farko na 'yan Eaton ma daga hanyar da dakarun Custer, wani hafsan sojan Amurka, suka bi a 1876 zuwa yaƙar ƙabilun yankin ya fito. Tarihin da ya fara da "kakanmu ya iso ya tarar da daji ba kowa" ya fara da abin da ba haka yake ba. Ƙabilun nan suna nan, da yawansu suna da ofisoshin kula da tarihinsu, ana iya zuwa a tambaye su da ladabi.

Na biyu, wa ake karɓa. A farkon ƙarni na 20 gandaye da yawa sai da takardar shaida daga wani sananne suke karɓar baƙo, kuma ta wannan hanya aka riƙa rufe wa Yahudawa da baƙar fata ƙofa. Shi ya sa gandun Murray da ke hamadar Kalifoniya kusa da Victorville, na Nolie da Lela Murray, ya yi suna a matsayin wurin da baƙar fata ke sauka, har ɗan dambe Joe Louis ya je can a 1937. In wasiƙun ƙin karɓar baƙo suna cikin akwatin gida, kada a ƙone su. Jikan da ya same su ba shi ya rubuta ba, amma in ya ɓoye ya sa hannu.

Gine-ginen fa?

A auna, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ciki da waje, a zana taswirar wurin da sunan kowane ɗaki da shekarar gina shi. A lura da yadda aka sassaƙa gungume a kusurwa, domin kowane magini da salon hannunsa. Ginin da ya kai shekara hamsin yana iya shiga rajistar wuraren tarihi ta ƙasa da dokar 1966 ta kafa, kuma cika takardar neman shiga ita kanta tana tilasta wa iyali yin binciken da suke ta ɗagawa.

Abin da ya faru a kwarin Jackson Hole na Wyoming ya isa darasi. Gandun Bar BC da Struthers Burt da Horace Carncross suka kafa a 1912, da White Grass da ya rufe a 1985, duka sun koma cikin gandun dajin Grand Teton, kuma da mutane suka bar su rufin ɗakuna ya fara ruftawa cikin 'yan shekaru. An gyara White Grass daga baya ya zama wurin koyar da gyaran tsofaffin gine-gine, tsofaffin ma'aikata da baƙinsa kuma suka taru suka ba da hotuna da hirarraki. Triangle X na gidan Turner, wanda ya fara a 1926, shi ne ke ci gaba da saukar baƙi a cikin dajin. Haka OTO na Dick da Dora Randall a Montana ya ƙare a hannun hukumar gandun daji. Ginin itace a ƙasar dusar ƙanƙara ba ya jure zama babu mai share masa rufi.

Yaya ake kula da hotuna da kaset da fim?

A fitar da su daga barga da saman rufi da ɗakin ƙasa, a kai ɗaki mai sanyi marar laima. A cire roba da ƙusar takarda masu tsatsa. Ban da salatif, ban da liƙe takarda cikin leda da zafi. A bayan kowane hoto a rubuta da fensir mai taushi, a gefe, ba da biro ba: wa, ina, yaushe, da sunan dokin. A yi wannan tare da tsoho a kusa, domin hoton da ba a san na ciki ba ya zama ado kawai.

Tsohon fim na kafin farkon shekarun 1950 yana iya zama irin mai kamawa da wuta, a ware shi a nemi ƙwararre. Wanda ke warin tsami kuwa ya fara lalacewa, shi za a fara kwafa. Duk abin da aka mayar cikin kwamfuta a yi masa kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam. Gobarar daji ba baƙuwa ba ce a yankin: ta 1988 ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gandun dajin Yellowstone.

Sunayen baƙi da sirrinsu fa?

Mutum ya zo hutu ne, bai zo don a buga shi ba. Wasu sun zo jinya, wasu gudun wata damuwa. A Nevada ma, bayan dokar 1931 da ta ce zaman mako shida ya isa a nemi raba aure, an yi gandayen da yawancin baƙinsu mata ne masu jiran kotu. Wanda ke raye a nemi izininsa. Wasiƙun da suka shafi lafiya ko aure ko bashi a rufe su zuwa wasu shekaru da aka ƙayyade.

A ajiye kayan a gida ko a ba jami'a?

Ya danganta da ko gandun na aiki. In yana aiki, rajistar baƙi da littafin dawaki suna da amfani a inda suke, baƙo zai so ya ga sa hannun kakansa. Sai a kwafe su a kai wa ma'adana kwafin. In kuwa ana shirin sayar da wurin, ko magada sun yi yawa, gara a miƙa asalin tun kafin rabon gado, domin a rabo ne kundi ɗaya ke tafiya gari kaza, ɗaya gari kaza, shekara ashirin baya ba wanda ya san inda suke. A karanta takardar kyauta da kyau kafin sa hannu: ta faɗi wa ke da haƙƙin buga hotunan, wane akwati ne a rufe kuma har yaushe, da cewa iyali za su samu kwafin duk abin da aka ɗauka. A kuma sa mutum ɗaya a gida, da sunansa, wanda ma'adanar za ta riƙa tuntuɓa, a rubuta wanda zai gaje shi.